Usur ɗin Jaratu

Wata ranar Litinin kwamitin ƙungiyar ƙwallon kwando ta mata a Madawa ya karɓe usur daga hannun Jaratu, ya miƙa wa wani koci da ake kira Muse Jonatan, wanda aka ɗauko daga Yamai. Laifinta ɗaya: ba ta da takardar koyarwa.

Shekara tara tana horar da ƴan matan nan, kuma ba a littafi ta samo salonta ba. Tana budurwa a Kaita, tana cikin matan da ke jera duwatsu a gangare don tare ruwa. Layi suke yi, wannan ta miƙa wa waccan, wadda duk ta riƙe dutse ta tsaya kallo sai ta sha zagi. Wannan salon ta kawo filin wasa: a miƙa, a ruga, a sake miƙawa, har masu tsaro su rasa wadda za su bi. Ta san abin da Allah ya ba ta, ƴan mata gajeru masu ƙafa kamar zomo.

Muse Jonatan ya zo da allo da alli. Salonsa na manyan kulob ne: doguwa ta tsaya gindin kwando, kowa ya jefa mata. Doguwa ɗaya gare su, Asiya, ɗiyar makiyaya daga Azarori, wadda ta tashi tana tsere da maruƙa. Ya kafe ta wuri guda kamar turke. Wasa biyu, kashi biyu.

A na uku Jaratu na zaune cikin ƴan kallo, sai aka tafi hutu, Asiya ta zo shan ruwa.

"Inna, ƙafafuna ƙaiƙayi suke."

"To, wa ya ɗaure miki su?"

Muse Jonatan ya juyo. "Madam, ba ki da magana nan."

"Da ɗiyata nike, Muse. Kai da ka zo da riga ɗinkakka, ka auna mai sawa?"

Da aka koma, Jaratu ta miƙe ta kwatsa murya: "Dutse!" Nan take ƙwallo ta daina zama a hannu. Asiya ta bar gindin kwando ta ruga, cikin minti huɗu suka zuba maki goma. Muse ya fitar da ita ya zaunar, wai ta ƙi bin umarni. Aka ci su da tazarar uku. Washegari kwamiti ya hana Jaratu shiga fili.

Ba ta roƙi kowa ba. Kullum da la'asar tana bakin wayar shingen filin da kujerarta, tana gyara musu tsayuwa da hannu.

Saura wasa ɗaya, da ƴan matan garin Buza, ranar Asabar. In sun faɗi, ba su ba zuwa babbar gasar Tawa bana. Alhaji Faruƙ, kai ne shugaban kwamiti: ku maida wa Jaratu usur ɗinta kafin Asabar. In kun ƙi, ku tara iyayen yaran nan ku faɗa musu dalili, ido da ido.