Kaye ɗaya ya rage daga taurarin Malam Lawali

Labarin ya same ni yau da safe, ina tsugune ina buɗe kwaɗon siber, shagon intanet ɗin da nake aiki. Mai gyaran babur mobilet na gefenmu ya ce, "Zulai, ba ki ji ba? Malam Lawali ya cika da asuba."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na daɗe a tsugune da makulli a hannu. Ban buɗe ba. Na mayar da kwaɗon na kama hanyar gidansa.

Ku da kuke zuwa siber ɗinmu nan Zongo kun san shi, ko da ba ku san sunansa ba. Dogon tsohon nan mai tabarau ɗaure da zare, wanda yake kame kwamfutar kusa da taga tun da hantsi. Ya koyar da fizik a lise, wato sakandare, har ya ajiye aiki.

Shekara huɗu ina fitar masa da taurari a firinta.

Ni ma da farko dariya na yi. Na ce, "Malam, mai kallon taurari da rana tsaka?" Ya ce shi idonsa ya gama aiki, ko farin wata ba ya gani sai an nuna masa. Amma akwai wani ƙaton madubin hangen nesa a wata ƙasa da yake ɗaukar hoton sama gefe-gefe, masu shi kuma sun zuba abin da ya auna a intanet, kowa ya ɗiba kyauta. Kowane tauraro da lambobinsa da zanen haskensa. Na'ura ce take raba su aji-aji, amma wani lokaci takan yi kuskure. Waɗanda na'urar ta yi shakka a kansu, su yake bi ɗaya bayan ɗaya.

Na tambaye shi ta yaya mutum zai san zafin abin da ba zai taɓa ba. Ya ce, "Wutar gas ɗinki shuɗiya da garwashin mai tsire ja, wanne ya fi saurin tafasa ruwa?" Na ce gas. Ya ce, "To kin gama darasin farko. Shuɗin tauraro ya fi jan zafi. Saura lissafi."

Sai ya koma gida da takardun, ya ja layuka a kaye, littafin rubutun nan na 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, gida-gida, kowane gida da lamba. Ga haruffa, O, B, A, har zuwa M. Bayani kuma a gefe da ajami, don ya ce hannunsa ya fi gudu da shi.

Daga nan matsala ta fara.

Duk wanda ya leƙa kayen nan, hatimi yake gani. Malam ne, yana maganar taurari, yana cika gidaje da lambobi, ga ajami. Unguwa ta gama yanke hukunci: duba yake yi.

A gabana wani Alhaji mai atamfa daga Kano ya ja kujera kusa da shi, ya rage murya, wai a duba masa ranar da kayansa za su taso. Malam ya cire tabarau ya ce, "Alhaji, tauraron nan bai san da kai ba. Hasken da kake gani ya baro shi tun ba a haifi kakan kakanka ba. Ka yi addu'a, ka nemi direban kirki."

Alhajin ya fita ransa a ɓace, ya je ya baza cewa Malam manya kaɗai yake yi wa aiki.

Na ce masa ya tara mutane ya yi musu bayani. Ya ce, "In na gama." Kullum in na gama.

Ba taurari kaɗai na sani a wurinsa ba. In ya lura ban fita cin abinci ba, sai in ga benga, dafaffen wake da shinkafa, a leda a kan teburina, shi kuma ya yi kamar bai san zancen ba. Lokacin da aka kwantar da innata a likita, shi ya tsaya yana juya mana faransancin dokta zuwa Hausa, kwana uku a jere. Har yau inna "malamin nan naki" take ce masa. In wuta ta ɗauke kowa ya watse yana tsaki, shi zai zauna yana fifita da takarda yana ce mini Madam Direktiris, wai shugabar wurin, ni da ba ni da ko kujera mai kyau.

Ranar Alhamis na gan shi na ƙarshe.

Ya zo da kaye ɗaya mai koren bango. Ya ce a ciki ya tattara taurarin da yake ganin na'ura ta sa su a ajin da ba nasu ba. Yana so in buga masa a kwamfuta mu aika wa wani masani da ya taɓa ba shi amsa. Ranar intanet tana ta yankewa, mutane sun cika, kaina yana sara. Na ce, "Malam, don Allah ka tafi da shi, ka dawo Litinin. Taurarinka ba gudu za su yi ba."

Ya yi murmushi ya ce, "Su kam ba sa gudu."

Ya sa kayen a hammata ya fita. Da a ce na karɓa na jefa a durowa, ba abin da zai ci mini.

Yau da na isa gidan, na zauna cikin mata har maza suka dawo daga maƙabarta. Can sai na ji ƙaurin takarda. Na zaga bayan ɗaki.

Alhaji Idi ne, wan Malam, tsohon direban babbar mota. Ya hura wuta a rabin duro, yana yaga kaye yana zubawa, yana juyawa da sanda. Hawaye har gemunsa.

Na ce, "Baba Alhaji, me kake yi?"

Ya ce, "Ina rage masa nauyi, ɗiyata. Yanzu ake masa tambaya. Ba zan bar shi da wannan a wuya ba."

Na ce wallahi ba duba ba ne. Na ce ni nake fitar masa da takardun, ilimin lakwal ne, zafin taurari yake aunawa.

Ya ce, "Zafin tauraro. Ya auna ya kai wa wa?"

Na yi maganar gas da garwashi. A bakina ba ta yi daɗi ba, ni kaina na ji. Ya buɗe shafi ɗaya ya miƙo mini ya ce, "To karanta mini gidan nan. Wannan lambar ta mece ce?"

Na duba. Shekara huɗu takardun nan suna bi ta hannuna, amma ko lamba ɗaya ban san ma'anarta ba.

Kada wanda ya zagi Alhaji Idi a ƙarƙashin rubutun nan, zan goge. Shi ya goya Malam daga Maraɗi suna yara, shi ya tuƙa mota shekara da shekaru ƙanensa yana karatu. Tsoro ne ya kama shi, kuma don ƙanensa yake tsoron. Na tsaya ina kallo aikin shekara huɗu yana zama toka, na rasa wanda zan ji haushi sai kaina.

Da ya ɗauko mai koren bango, na riƙe gefen rigarsa. Ban taɓa yi wa babba haka ba. Na durƙusa na ce, "Baba, wannan ɗaya. Don darajar iyaye."

Ya janye kayen daga bakin wuta. Sannan ya sa shi a aljihun babbar riga ya ce, "Jibi addu'ar uku. Ki kawo wanda zai karanta mini shi a gaban liman, shafi-shafi, in gane da kunnena babu gaibu a ciki. In kin kawo, naki ne. In ba ki kawo ba, zai bi 'yan uwansa, kuma kada ki riƙe ni a zuci."

Tun azahar nake yawo. Na je unguwar Cissin wurin wani da suka koyar tare, aka ce ya koma ƙauye. Wani ɗalibin jami'a ya ce zai iya, amma faransanci kaɗai yake ji da Mosanci, Alhaji Idi kuwa Hausa yake so, ba ya son tafinta. Wani ya ce shi ba ya shiga maganar gidan mutuwa.

Na gaji, jama'a. Ƙafata ta gaji, raina ya gaji.

In akwai wanda ya karanta fizik ko lissafi, yana jin Hausa, yana iya karanta ajami, kuma yana da haƙurin zama da tsoho mai kuka, ya same ni a siber gobe. Na zauna na bi sunayen duk wanda na sani a garin nan. Mutum ɗaya na samu da ya haɗa waɗannan duka, shi ne aka kai ɗazu.

Allah Ya jiƙan Malam Lawali. Allah Ya sauƙaƙa masa tambaya, Ya haskaka kabarinsa, Ya wanke shi daga abin da aka ɗora masa bai yi ba. Allah Ya sanyaya zuciyar Alhaji Idi da iyalinsa. Ni kuma Allah Ya yafe mini ranar Alhamis.

Duk wanda ya karanta har nan, ya tsaya ya yi masa Fatiha kafin ya wuce.