Tagar Vidosava

Lokacin da Vidosava ta tare a gidan Krsto masunci, a wani ƙauye kudu da garin Budva, babu komai tsakanin tagarta da teku sai gonar kabeji da rairayi. Da ta hango kwalekwalensa ya juyo, sai ta ɗora tukunya. Ruwan kuwa ko ƙafa ba ta taɓa sa masa ba. Ita dai a bar ta ta gan shi.

Sai baƙi suka fara zuwa daga ƙasashen sanyi, su tuɓe su baje a rana kamar kifin shanya. Aka gina musu otal a gonar kabejin, ya tare tagar. Vidosava ba ta kai ƙara ko'ina ba. Ta ba baƙi hayar ɗakinta, ta koma kwana a kicin, da suka watse ta ɗora bene. Teku ya dawo.

Otal ya ƙara hawa, ita ma ta ƙara. Ba ta taɓa barin magina su yanke rodin da ke tsaye a kan rufinta ba. Krsto ya rasu, ƙauye ya zama birni mai fitilun ba da hannu, gasar ba ta tsaya ba.

Blažo, maƙwabcinta na baya da ta daɗe da tare wa rana, yakan ɗaga murya: "Vida, wa kike jira a tekun nan? Krsto yana maƙabarta, bayan gari!"

"Kai dai ji da tumatirinka."

"Wane tumatir? Inuwarki ta kashe shi!"

"To yi gini mana, rago."

Bara aka kafa dogayen benaye biyu a bakin ruwa, magina kuma suka ce harsashin gidanta ba zai ɗauki ƙarin bene ba. Blažo ya sha dariya. Vidosava ta sa aka yi mata ɗan akurkin katako a kusurwar rufi, daidai ratar da ke tsakanin benayen. Gwiwoyi sun riga sun ƙi, sai jikokinta suka hau da ita a kujera suna haki.

Ga teku nan, faɗin tafin hannu, shuɗi shar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta leƙa baya.

"Blažo! Yana nan!"

"Ƙarya kike!"

"Hawo ka gani, in ƙafa za ta kawo ka."

Ya hawo, yana zagin kowace matakala.