Mai Koyon Allura Ta Ƙi Allura

Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu cewa aure na yi a ɓoye, ku huta. Jinya na yi, sai yau na ji ƙarfin ba da labari.

Ga wanda bai sani ba, ina shekara ta biyu a lakwal, makarantar koyon aikin jinya a Konni. Lokacin muna sitaj, wato koyon aiki a asibiti, a hannun Majo, shugabar ma'aikatan jinya, mace marar wasa. Ita ta koya mini neman jijiya har na iya.

Zazzaɓi ne ya fara. Na ce palu ne, wato zazzaɓin cizon sauro, na sayi magani da kaina, tunda a ganina na zama rabin likita. Na sha na kwana ɗaya, jiki ya yi sanyi, na jefa sauran a jaka.

Bayan kwana biyar fitsarina ya koma kalar shayi. Na duba madubi, farin idona ya zama rawaya.

Maimakon in nuna wa Majo, sai na hau kabu-kabu na tafi gida Bazaga. Kunya nake ji a ce ɗalibar jinya ta yi wasa da magani.

Inna, mahaifiyata, tana ganin idona ta ce, "Shawara ta. Ba ki tahiya ko'ina. Mai shawara ba a yi mai allura, in anka yi, shi ke nan."

Haka muka tashi muna ji. A gidanmu kuma ba ji kawai ba ne. Ƙanwar Inna, Rabi, shawara ta yi, aka kai ta asibiti, aka yi mata allura, kafin la'asar ta rasu. Ina da shekara tara a lokacin.

Kwana huɗu ina shan dafaffen sassaƙe ina amayarwa. A na biyar na kasa tashi yin salla. Majo ta kira wayata tana neman dalilin rashin zuwana aiki, Baba ya ɗauka. Ban san me ta ce masa ba, na dai ga ya ɗaura wa jaki amalanke, ya kai mu bakin titi.

A asibiti aka ɗebi jinina. Wannan ban ƙi ba, fita ce, ba shiga ba. Sakamako ya nuna ba ciwon hanta ba ne. Palu ne mai tsanani ya cinye mini jini, shi ya kawo rawayar. Maganinsa allura ce ta jijiya, kuma ba jira.

Majo ta ɗaure mini dantse. Na janye hannuna.

Na san abin da littafi ya ce, na ma ci jarrabawa a kansa. Amma a kan gadon nan Inna Rabi kawai nake gani. Tsoro na ji, tsoro irin na yarinya 'yar shekara tara.

Na zaci Majo za ta zazzage ni. Ko kallona ba ta yi ba, ta juya ga Inna.

"Inna, ƙanwar taki kwana nawa ta yi gida kahin a kai ta likita?"

"Ta kai sati ukku."

"Ita wagga kwana biyar. Kada mu ƙara mata ko guda."

Inna ta matso kusa da ni. Sannan ta zauna a bakin gado, ta jawo hannuna ta danne shi a gwiwarta, ta juya fuska ga bango. Ta ce, "Yi mata."

Allura uku aka yi mini daga ranar zuwa washegari. Aka ƙara mini jini leda ɗaya, Baba ne ya bayar. Na kwana shida, ana awon zafi safe da yamma. A rana ta huɗu na nemi fura, Majo ta ce to, mun tsallake. Ƙwayoyin da suka biyo baya a gabanta na shanye su, don ta ce ba ta ƙara yarda da ni.

Idona ya washe, na koma aji, sai dai har yanzu ina saurin gajiya.

Abin da zan roƙe ku: in kun fara maganin palu, ku ƙarasa shi ko da kun ji sauƙi. In ido ya yi rawaya, ku je a auna jini a ranar, domin ba ciwo ɗaya ke kawo shawara ba. 'Yan'uwana ɗalibai, farar riga ba ta sa mutum ya zama likitan kansa.

Na gode wa Allah. Na gode wa Majo, da Baba, da 'yan ajinmu da suka yi ta kwafar mini darasi.

Inna kuwa ban san yadda zan gode mata ba. Na ɗauka maganar Majo ce ta gamsar da ita. Satin da ya wuce tana tsefe mini kai na tambaye ta. Ta ce, "Ni ban gamsu ba. Na ga dai in an bar ki za ki tahi, in an yi miki ma za ki tahi. Sai nic ce, in tahiyar ce, ki tahi hannunki na cikin nawa."