Rigar Injin Ban-Ruwa na Zandam

Birnin Kudu, bayan Asuba

Ƙarfe shida saura kwata na fito daga gida ranar Talata, wayata cike da caji. Ba zumunci ne ya tashe ni ba. Sale, ƙanin matata, shi ya kira daga Zandam: injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana da suka haɗu su goma sha biyu suka saya ya fara ɗaukewa, yau kwana huɗu, albasarsu ta soma kwanciya. Mai gyara yana Kano, ya ce sai mako mai zuwa. Allon injin kuwa jan rubutun Sinanci kawai yake nunawa.

Shekara biyu ke nan ina koyon Sinanci a waya, tun da na yi ritaya daga koyarwa a firamare. Manhaja ce ta kyauta, sai darussan bidiyo na wata malama 'yar ƙasar Sin da ban taɓa gani ido da ido ba. Babu wanda bai yi min dariya ba, musamman matata Hajiya, wadda ta ce da tsufana na koma kukan kyanwa. Yau ita ce ta rako ni har ƙofa.

"Malam, don Allah kar ka ba mu kunya a garinmu."

"Au, yau kyanwa ta yi rana?" in ji ni.

Hanyar Gwaram

A tasha na sha shayi da ƙosai. Ƙarfe bakwai saura ashirin motar ta cika, mu huɗu a baya kamar an ɗaure damin gero. Na sa abin saurare a kunne ina bita, ashe a fili nake yi.

"Baba, addu'ar tafiya ce wannan?" in ji direba.

"Yaren Chana ne."

"To Allah Ya ba da lafiya."

Shingen jami'an tsaro biyu muka wuce, ba wanda ya tsare mu. Ni dai tunanin rubutun allon nan nake yi. Gaisuwa na iya, da ƙirga, da sayen shinkafa a kasuwa. Malamar ba ta taɓa yin darasin inji ba.

Zandam

Mun shiga Gwaram takwas ta ɗan wuce. Ɗan acaɓa ya ɗauke ni, tara da rabi muna fadama. Na tarar da mutane tsaye sun yi jugum, ƙasa ta tsage, ganyen albasa ya yi laushi. Tausayi ya kama ni ƙwarai, don na san abincin shekararsu ne kwance a nan.

"Yaya, sannu da hanya," in ji Sale. "Da safe ya ɗan yi aiki, rana na ɗagawa ya ɗauke. Ga shi can."

Akwatin injin yana jikin turke, sanye da riga ta buhu ninki biyu, an lulluɓe da leda, an yi mata baki da jan zare, an bar 'yar taga daidai allon. Ɗinki ne mai kyau.

Sabis babu ko ɗigo a fadamar, don haka fassara da kyamara ba ta taso ba. Allah Ya taimake ni, na daɗe da sauke ƙamus ɗin manhajar a waya, wanda ake zana harafi da yatsa. Haruffa biyu ne a allon. Na biyun yana da ɗigo huɗu a ƙasa, na kuwa tuna malamar ta ce alamar wuta ce. Na zana su, ya ƙi. Sai a karo na uku ya karɓa: zafi ya yi yawa.

"Sale, yaushe aka ɗinka masa rigar nan?"

"Juma'ar da ta wuce. Mun ga rana tana dukansa, muka ce kar ya lalace. Ai ko rediyo ana yi masa riga, Yaya."

"Ku tuɓe shi."

Wani dattijo, Malam Buba, wanda shi ya ɗinka, ya ɓata rai. "Malam, tsirara za a bar shi?"

"Ƙofofin shan iskarsa kuka toshe, Baba. Rumfa yake so."

Aka tuɓe, aka kafa masa zana daga sama. Muka zauna zaman jira. Sha ɗaya saura minti biyar jan rubutun ya ɓace, injin ya yi gurnani, ruwa ya ɓulɓulo cikin kwari. Sale ya durƙusa a laka ya fashe da kuka. Ni ma na juya baya na share ido. Har Azahar bai sake ɗaukewa ba.

Komawa

Na ci tuwon dawa da miyar kuka a gidan Sale. Malam Buba ya ba ni rigar kyauta, ya ce in sa wa wani abin da ba ya numfashi. Na baro Gwaram bayan La'asar, na iso gida ana kiran Magariba.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni. Ina gode wa mutanen Zandam, da waɗanda suka yi manhajar nan suka bar ta kyauta, da malamar da ba ta san akwai wata fadama da ta sha ruwa saboda ɗigo huɗunta ba. Na rubuta mata godiya a ƙarƙashin darasin, da ɗan Sinancina mai ɗingishi.

Labari ya riga ni isowa gida. Washegari da na kunna darasi, sai Hajiya ta jawo kujera kusa da tabarmata.

"Malam, ƙara sautin," in ji ta. "Ban ji abin da malamar ta ce ba."