Gamanar Biba a Hannun Alhaji Haladu

Duk wanda ke cin kasuwar Urafane ya san Biba mai man gyaɗa, doguwar mace mai kaifin baki, wadda ba a taya mata kaya a banza a tafi lafiya. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya mata uku da namiji guda, Misbahu, wanda take kira Auta. Gandun gida yana hannun ƙannen mijin. Abin da ke nata ita kaɗai shi ne gamana, 'yar gonar da ta gada wurin ubanta a bakin hanyar Tasawa. Geron cikinta da wakenta su suka riƙe gidan har ta aurar da matan.

Auta kuwa Allah ya ba shi kai. Da ya ci bak, wato jarrabawar gama sakandare, ya zo ya tsuguna gabanta ya ce yana son tafiya jami'a a Yamai, ya karanci sosiyoloji.

"Likita ke nan?" in ji Biba.

"A'a Inna, sanin zaman jama'a ne."

"Zaman jama'ar ma sai an je Yamai? To, mi ake samu cikinsa?"

Ya ce masu wannan karatu su ake ɗauka aikin puroje, wato ayyukan ƙungiyoyin raya karkara, su ne ke zuwa ƙauyuka cikin farar mota, albashinsu na wata ya fi abin da gamana ke bayarwa a shekara. Ba ƙarya ya yi mata ba, shi ma haka aka gaya masa. Biba ta kwana biyu tana aunawa, damina guda a hannun hagu, wata goma sha biyu a hannun dama. Wa zai ga laifinta? Ni dai ban gani ba.

Burs, wato tallafin ɗalibai, bai samu ba. Sai ta je wurin Alhaji Haladu mai sayen wake, ta jinginar masa da gamana gaban maigari da shaidu. Jingina ba sayarwa ba ce: ya ba ta kuɗi, ya riƙa noma gonar, ranar da ta mayar masa da kuɗinsa ya sakar mata abinta. Shekara ta biyu ta koma ta ƙara karɓa. Ta uku ma haka, don an yi ta yajin karatu, shekara ta ƙi ƙarewa, ciki kuwa bai san yaji ba.

Auta ya dawo da lisansi, wato digirin farko. Biba ta raba ƙosai sadaka har gidan liman. Daga nan sai jira. Wani puroje ya ɗauke shi yawon tambayar mutane abin da suke ci da abin da suke nomawa, mako biyu aikin ya ƙare. Ya yi jarrabawar ɗaukar ma'aikata sau biyu, sunansa bai fito ba. Daga ƙarshe ya karɓi koyarwa ta kwantiragi a wani ƙauye na gundumar Sarkin Hausa, can wajen Mayahi. Abin da ake ba shi, in ya ci, ya biya kabu-kabu, ragowar ita yake aiko mata. Ita kuma da shi take auno gero tiya-tiya a kasuwa, ita da ta saba buɗe rumbunta. Wannan awon ya fi komai ci mata rai, har takan aiki maƙwabciya don kada a gan ta.

Da ya zo hutu suka zauna a kan maganar fansar gamana. Ya rame, wuya duk ya fito.

"Inna, da wanga albashi ko na shekara goma ba na fanso ta. Masu puroje yanzu sai mai masta suke so. Shekara biyu ce kawai."

"Da wane kuɗi?"

Ya sunkuyar da kai. Ashe Alhaji ya riga ya yi masa magana: in suna so, ya ba su ciko, jingina ta koma ciniki, gona ta zama tasa har abada.

"In ka yi mastar, aikin tabbas ne?"

"Wallahi Inna ban sani ba."

In Biba ta ce ya tafi, gamana ta tafi. In ta ce ya zauna, gamana ba za ta dawo ba. Ba ta ce masa ko ɗaya ba, ta tashi ta hura wuta. Tausayinsa ya cika ta, haushinsa ma ya cika ta, ta rasa wanda za ta fara nunawa.

Da bazara tana kan amalanke za ta Tasawa sayen gyaɗa, sai ta hangi amalanken shanu a cikin gamana, ana juye taki tsibi-tsibi. A ƙasarmu ba wanda ke zuba taki a gonar jingina, don mai ita na iya zuwa gobe da kuɗinsa ya ci moriyar wahalarka. Duk shekarun nan Alhaji ko kwando guda bai kai ba, yana nomanta ne kamar baƙo mai shirin tashi. Alhaji ba mugu ba ne, ɗan kasuwa ne, ya iya lissafi. Shi ma ya auna albashin Auta, ya ga abin da ya gani.

Ta ce da mai amalanke ya tsaya. Ta sauka, ta taka har tsibin farko, ta damƙi takin ta murza. Na shanu ne mai kyau, ya ruɓe sosai, irin wanda ubanta yake nema bai cika samu ba. Ƙasar kuwa ta yi fari fat don yunwa.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, tana tsaye tana hawaye, ta ji tana yi wa gonar murna.