Matakalar Mata a Sabon Masallacin Garwa

Mun tashi daga garin Ngong, inda muke zaune yanzu, ana sallame sallar asuba, ni da Inna da ƙanwata. Tun da aka rushe tsohon masallacin unguwarmu ta Garwa aka gina sabo, Inna ba ta da zance sai na ta yi Juma'a a cikinsa. A nan Baba, Allah ya jiƙansa, ya yi ladanci har ya rasu. Ga shi yanzu gwiwoyinta sun ƙi.

Motar ta cika maƙil, buhun masara a ƙarƙashin ƙafafunmu. Jandarma ya tsare mu a hanya, wai hoton katin shaidar Inna bai yi kama da ita ba. Ta ce, "Ɗana, ai tsufa ne." Sai da muka haye gadar Binuwai hankalina ya kwanta. A tasha muka sha kunun gyaɗa, ga tsada ga tsinkewa.

Masallaci kam masha Allah! Koriyar ƙubba, hasumiya biyu, ayoyi zane a bango, ga ɗakin karatu da azuzuwan yara a gefe. Inna na nuna mana da sandarta: nan rijiya take, nan ginin ƙasa da azara wanda kakanninmu fatake suka yi.

Muna nufar ƙofa mai gadi ya ce, "Hajiya, mata sama."

Na ɗaga kai. Matakala ce doguwa mai murɗewa, tayil ɗinta sai santsi. Maza kuwa har gangaren keken guragu aka yi musu!

Na ce, "Bawan Allah, dubi ƙafafunta mana."

"Wallahi Hajiya, ba ni na zana ginin ba."

Inna ta gwada, ta kasa, ta zauna a gindin matakala tana share ido da mayafi. Liman ya fara huɗuba, ni kuwa raina ya gama ɓaci. Sai wata Bafulatana da ta riga ta hau ta sauko, ta shimfiɗa daddumarta kusa da Inna, ta kira ta Dada, wato uwa da Fulatanci, ta ce, "Nan ma masallaci ne." Wasu mata suka biyo ta, kafin iƙama mun tayar da sahu har bakin ƙofa. A zaune Inna ta yi sallarta.

Da yamma muka isa gida, ta yi barci tun a mota. Abin da na koyo, masu gina wa Allah ɗaki su riƙa tambayar tsofaffin mata kafin su aza tubali. Ƙubbar ta yi kyau, amma Inna ba a kanta za ta yi sujada ba.