Kujerar An Ce

Duk wanda ya taɓa yin aski a shagon Da-Idonka ya san kujerar nan ta bakin ƙofa. 'Yar guntuwa ce ta katako, ba ta da abin jingina, kuma da hantsi ya ɗaga rana a kanta take sauka. Ba don ƙarancin wurin zama aka ajiye ta ba. Kujerar hukunci ce.

Mai askin gajere ne mai sanyin hannu, da sanƙo mai ƙyalli. Sunan nan ya samo shi ne tun yana sabon buɗe shago. Wata rana wani ya shigo ya ce an ce kafintan layinsu ya rasu. Mai aski ya rufe shago, ya tafi gaisuwa fuska a jiƙe, sai ya tarar da mamacin a ƙofar gida yana wanke babur. Tun daga ranar, duk wanda ya kawo labari sai ya kashe injin aski ya tambaye shi, "Da idonka ka gani?"

In ka ce a'a, an ce ne, to tashi za ka yi, ko da an aske rabin kanka, ka koma kujerar bakin ƙofa har sai an gama da na bayanka. Mutane suna ƙorafi, amma suna dawowa, don babu mai fitar da gefen kunne kamarsa.

Da zaɓe ya matso, kujerar ba ta hucewa. Tela, maƙwabcinsa kuma abokinsa tun ƙuruciya, yana bayan ɗan takara ɗaya. Direba, wani mai yawan zama a shagon, yana bayan ɗayan. Kullum sai ɗayansu ya gasu a rana.

Shi kuwa mai aski bai taɓa jefa ƙuri'a ba. Katin zaɓensa ma yana ƙarƙashin ƙafar babbar kujerar aski, ya tokare ta da shi don kada ta riƙa girgiza.

Wata ranar gardama ta yi zafi, Direba ya ce, "To kai maigida, wa za ka zaɓa?"

"Ni? Ban da lokacin ɓatawa," in ji mai aski yana karkaɗe tawul. "Ai ba a ƙirga ƙuri'a. Sun riga sun gama shirya abinsu."

Tela ya miƙe a hankali, kamar wanda ya daɗe yana jiran wannan rana. Ya miƙa hannu ya kashe injin da kansa.

"Mai sanƙo," ya ce, "da idonka ka gani?"

Mai aski ko rumfar zaɓe bai san yadda cikinta yake ba.

"Kowa ya san..."

"Kowa wane ne? A wane layi yake? Ga kujera can, ranka ya daɗe."

Haka ya zauna, rana na dukan sanƙonsa, masu wucewa na tsayawa kallo. Tela bai tsaya nan ba. Ya ce doka ta mutu, tunda mai dokar ma ɗan an-ce ne, kuma ba za ta tashi ba sai ya je ya gani.

Daga ranar shagon ya zama kasuwar ƙarya. Direba ya ce an ce ɗan takarar Tela ya sayar da gadar garin tun kafin a gina ta. Tela ya ce an ce na Direba ba ya iya karanta sunansa. Mai aski yana ji, yatsansa na kaiwa ga makunnin inji yana dawowa. A gida ma bai tsira ba. Maiɗakinsa kan ajiye masa abinci ta ce, "An ce da gishiri a ciki, maigida, amma ban gani da idona ba."

Ran zaɓe ya tsuguna ya zaro katin, ya goge masa gashi da ƙura, ya bar kujerar tana rawa. Ya bi layi, ya dangwala, aka shafa masa tawada a farcen babban yatsa. Sauran mutane suka watse, shi ya nemi dutse ya zauna. Da yamma aka buɗe akwati a gaban kowa, ana ɗaga ƙuri'a ɗaya bayan ɗaya ana faɗi da ƙarfi. Har ya ce wa ma'aikaciyar zaɓen ta sake ɗaga wata, wai bai gani da kyau ba. Ta harare shi, amma ta ɗaga.

Washegari shago ya cika tun kafin ya gama shara.

"To, me ka gani?" in ji Tela.

"A rumfarmu an ƙirga, na gani. Abin da ya faru bayan akwati ya shiga mota ban gani ba, don haka ba zan faɗa ba."

"Ai mun sani!" in ji Direba. "A hanya suka canza..."

Mai aski ya ɗaga yatsansa mai tawada. "Kafin nan, kowa ya nuna min nasa."

Direba ya cusa hannu a aljihu. Tela ya shiga sosa ƙeya, sai ga farcensa fari tas.

"Ɗinki ne ya riƙe ni," in ji Tela. "Kuma an ce layin ya yi tsawo."

"An ce?"

Kujera ɗaya ce, masu laifi kuwa sun cika shago. Suka jeru a bakin ƙofa cikin rana, Tela a zaune, saura a tsaye suna jiran ya tashi. Mai aski ya naɗe kwali ya tokare babbar kujera, ya saka katin a aljihun gaba. Sannan ya leƙa ya kira kafinta, wanda har yanzu yana nan da ransa, ya ce ya zo ya auna masa benci dogo.